Zan cire rediyon da ya zo da Camry ɗina in sa na sikirin: me ya kamata in sani kafin in ba da kuɗi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa. Camry Muscle nake hawa, ta 2009, 'yar Amurka, kuma har yau rediyon da ta zo da shi ne a gabanta. Lafiyarsa ƙalau, sautinsa ma ba laifi. Matsalar dai Bluetooth ɗinsa na amsa kira ne kawai, ba ya ɗaukar karatu ko wani abu daga waya, ba shi da wurin sa filas, igiyar AUX kuwa a bana kaɗai ta uku ke nan nake saya saboda yara. Jiya na leƙa wajen masu kayan kwalliyar mota, aka nuna min na sikirin mai inci 9, da firem ɗinsa da aka yi daidai da dashbod ɗin Muscle. Iri biyu ne, fuska ɗaya, kwali ma kusan ɗaya, amma ɗaya ya kusa ninka ɗan'uwansa sau uku a kuɗi. Yaron shagon ya ce duk aiki ɗaya suke yi. To in aiki ɗaya suke yi, me ya kawo wannan ratar? Ya kuma ce minti talatin sun gama ɗaura min. Waɗanda suka taɓa sawa, don Allah ku faɗa min gaskiya.

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo kan wanne za ka saya, fita ka duba fuskar rediyon naka. Akwai rubutun JBL, sunan kamfanin kayan sauti, a jiki? Tunda ka ce yana amsa kira kuma ta 2009 ce, ina zargin akwai.

Baban Amira:
Na duba yanzu Injiniya. Akwai shi kuwa, ɗan ƙarami. Shekara huɗu ina hawan motar ban taɓa kula ba.

Mai Wayarin:
To ka ga inda minti talatin ɗin nan ya rushe. A motar da take da JBL, ba rediyo ne yake tura sifiku ba. Akwai amfilifaya a ɓoye a cikin motar, ita ce mai ƙarfin, kuma ba ta tashi sai rediyon asali ya yi mata magana da yarensu ta wayar data. In ka ɗaura sabon sikirin haka kawai, zai kawo wuta, hoto ya fito tar, ka ƙure ƙara har ƙarshe, amma tsit za ka ji kamar an yi ruwa an ɗauke. Mafita biyu ce. Ko dai a haɗo maka da ɗan akwatin nan na CANBUS wanda aka yi musamman don Toyota mai JBL, shi zai tayar da amfilifayar, ko kuma a tsallake ta a ja sabbin wayoyi zuwa sifiku. Ni ban son ta biyun. Aiki ne mai yawa, sannan sifikun da ke bayan irin wannan amfilifaya sau da yawa ba su kai ohm 4 ba, alhali sikirin ohm 4 yake so. Sai ya riƙa zafi yana yanke sauti. Kuma daɗin sautin da ka ce ba laifi, daga amfilifayar yake fitowa, don me za ka jefar da ita?

Abu na biyu, kuma wannan ka rubuta shi ka ajiye: kada ka yarda kowa ya sa almakashi a wayar motarka. Akwai soket da ake sayarwa wanda bakinsa ɗaya ke shiga na Toyota, ɗayan ya shiga na sikirin. In mai ɗaurawa ya ce babu, a yanke kawai a naɗe da salatif, ka ce masa ka gode, ka ja motarka.

Mai EOD:
Wallahi Injiniya ka fama min ciwo. Ni yanke min aka yi. Kwana biyu na tafi ɗaurin aure na bar motar a gida, na dawo ko ƙyas ba ta yi ba. Na ɗauka baturi ne ya mutu, na sayi sabo, bayan sati shi ma ya kwanta. Sai da wani dattijon mai wayarin ya zare sikirin ɗin muka ga an murɗe jar waya da rawaya wuri guda. Baturi biyu na yi asara a kan aikin da aka yi min a tsaitsaye ina shan lemo.

Mai Wayarin:
Shi ne ciwon da aka fi kawo mana. A bayan sikirin, rawayar waya ita ce mai wuta kullum daga baturi, don ya riƙe agogo da saiti. Ja tana samun wuta ne in an murɗa makulli, ita ke ce masa tashi ko kwanta. Baƙa kuma ta jikin mota ce. In aka haɗe ja da rawaya, ba ya taɓa sanin an kashe mota. Ko fuskarsa ta yi duhu cikinsa na aiki, yana iya jan kusan amfiya 1. Baturi mai 60Ah ka lissafa da kanka, kafin kwana biyu ba zai iya juya kik ba. Lafiyayyar mota in ta yi barci bai kamata abin da take ja ya wuce miliamfiya 50 ba, kuma da mita ake gane wannan, ba da ido ba.

Ku lura, launukan nan na ɓangaren sikirin ne. Wayoyin motar kansu kowane kamfani da nasa launin, shi ya sa mai yanka yake lalube, ya dangwala nan ya dangwala can har fis ya ƙone.

Mai Gyaran Waya:
Baban Amira, bari in amsa maka maganar ratar kuɗi, don wannan fagenmu ne. Sikirin ɗin nan waya ce kawai aka ƙara mata amfilifaya da rediyo aka manna a dashbod. Yadda waya mai RAM giga 1 ke saiɓi, haka shi ma. Mai arahar yawanci giga 1 ne ko 2, da tsohon inji irin 8227L. Masu tsadar za ka ga giga 4 da ma'ajiya 64, inji mai kai takwas irin UIS7862. Ranar farko a shago duka biyun gudu suke yi, don ba komai a cikinsu. Sai ka buɗe Google Maps, ka kunna karatu, kira ya shigo, a nan mai arahar ke sandarewa.

Kuma kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali, kai har da wanda ke cikin saiti. Ana shirya su su nuna sabon Android da RAM mai yawa alhali ƙarya ce, a ciki tsoho ne. Ka ce a jona shi da wuta a gabanka, ka ba shi intanet daga wayarka, ka sauke manhajar da ke nuna ainihin kayan cikinsa, CPU-Z ko AIDA64, da hannunka ka duba. Kada ka yi amfani da wadda ka tarar a ciki. Sannan ka leƙa fuskar daga gefe, in launi ya dusashe ba mai kyau irin IPS ba ce, da rana tsaka ba abin da za ka gani sai fuskarka.

Ɗan Kwatano:
Ni duk wannan dogon turanci ban gane masa ba. Alhaji ka bar rediyonka. Mu da ke sayar da mota, mai saye na gaske in ya shigo ya ga sikirin ɗan China, abin da ke fara zuwa ransa shi ne an taɓa wayarin. Nan take zai fara rage kuɗi. Ka sayi ɗan abin nan na Bluetooth da ake sawa a ramin AUX, kuɗinsa bai kai na shan mai ba, magana ta ƙare.

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji Ɗan Kwatano, ai ba don sauti kaɗai ake sawa ba. Ni kyamarar baya ce ta sa na sa wa tawa. Gidanmu a lungu yake, yaran maƙwabta kullum suna wasa a bakin get, wasu ba su kai tsayin but ba. Wata safiya ina ribas, almajirin gidanmu ne ya buga min gilashi da ƙarfi, ashe wani yaro ne tsugune a bayan taya yana tsintar ƙwallo. Ranar ko ofis ban iya zuwa ba, jikina rawa yake yi. A satin na sa. In mai saye zai rage min kuɗi saboda haka, ya rage.

Ɗan Kwatano:
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Wannan kam ban da ta cewa.

Direban Zariya:
Amin. Amma tunda an zo nan bari in faɗi tawa. Kyamara daban, kallo daban. Na sha wuce direba a hanyar Kano zuwa Zariya da dare, hasken sikirin ya cika masa fuska, fim yake kallo yana tuƙi da mutum shida a mota. Akwai wata waya a bayan sikirin da ya kamata a haɗa da birkin hannu, yadda bidiyo ba zai yi ba sai mota na tsaye. Kowa jona ta yake yi da jikin mota, ko a kashe ta a saiti, kuma masu motar ne ke cewa a yi haka. Sannan tsohon rediyo ko ido rufe ka san inda maɓallin ƙara yake. Gilashi kuwa dole ka kalle shi. Baban Amira, ko me za ka saya ka tabbata maɓallan sitiyarinka sun ci gaba da aiki.

Mai Wayarin:
Wannan mai sauƙi ne a Muscle. Akwai wayoyi biyu da aka rubuta wa KEY1 da KEY2, ko dai akwatin CANBUS ya ɗauke aikin, ko a shiga saiti a koya wa sikirin maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar ne. Masu gaggawa ne ke barinsu a naɗe a baya, su ce maka motarka ce ba ta karɓa.

Ɗan Birni:
Ni fa ina ganin tun farko an ɗauki hanyar da ba ita ba. Me zai sa mutum ya sayi kwamfutar da ba a san wanda ya ƙera ta ba, ba garanti, ba sabuntawa? Ka nemi Pioneer ko Sony ko Kenwood mai CarPlay da Android Auto, masu nuna manhajojin wayarka a fuskar sikirin. Apple ya fito da CarPlay tun 2014, Android Auto ya biyo baya a 2015, kuma hikimar ita ce wayarka ce ƙwaƙwalwa, sikirin fuska ce kawai. Ka canza waya, mota ta sabunta. Wancan kuwa yadda ka saye shi haka zai tsufa a dashbod. Girmansu ma sananne ne, dabul DIN, faɗi milimita 180 tsayi 100, ka sayi firem ɗin Camry ka ɗaura.

Mai Gyaran Waya:
Yallaɓai kana magana kamar dala tana nan yadda ka bar ta. Kuɗin ɗaya daga cikin waɗanda ka lissafa zai sayi mai kyau na Android har da kyamara da kuɗin aiki, a yi canji. Kuma yawanci inci 7 za ka samu ko ƙasa da haka. Na Android ɗin ma ai suna yin CarPlay ta manhajar ZLink. Ban da haka, a cikin masu sunan da ke kasuwa akwai jabu, tambarin kawai aka buga.

Ɗan Birni:
Suna yi, ranar da suka ga dama. Kuma ka gwada sautin biyun a sifika ɗaya ka ji. Kowa na rubuta 4x50W a kwali, amma ƙarfin gaske na kowace sifika bai fi wat 20 da ɗoriya ba ko a masu kyau, balle wanda aka tsuke wa kayan ciki. Araha ba ta ado, Malam.

Mai Gyaran Waya:
To ai shi Baban Amira amfilifayar JBL ce za ta tura masa sifiku, ƙarfin sikirin bai dame shi ba. Ka karanta sama kafin ka yi mana lacca.

Admin:
A yi haƙuri a sassauta. Kowa ya faɗi abin da ya sani, mai mota ya zaɓa.

Kawu Ɗan Fansho:
Yara kun yi ta maganar fim da taswira, ba wanda ya tambayi abin da aka sa wa suna rediyo, yana kama rediyo kuwa? Ni motata tun daga gida har gona Rediyon Kaduna nake ji a AM. Ɗana ya matsa sai da ya sa min na sikirin a matsayin kyauta, na gode masa. Wata uku na yi ina jin shuuu. FM ɗin ma da na wuce gari kaɗan sai ta fara tsinkewa. Na sa aka mayar min da tsohona, shi ya ɗauki sikirin ɗin ya sa a tasa. Wanda ba ya rabuwa da birni ba zai gane ba. Inda ba sabis, intanet ɗinku ba ta da amfani, AM kuwa tana nan.

Mai Wayarin:
Kawu ya yi gaskiya rabi, ranka ya daɗe. AM kam yawancin na Android ba su da ƙarfinta, wasu ma babu ita sam, don kwamfutar cikin tana haifar da ƙarar da ke danne tashar. Amma raunin FM sau da yawa laifin mai ɗaurawa ne. Motoci irin Camry eriyarsu a gilashin baya take, tana da ɗan abin ƙara mata ƙarfi da ke buƙatar wuta. Shuɗiyar wayar da aka rubuta wa ANT ita ke ba shi. In ba a jona ta ba, tashar cikin gari kaɗai za ka kama.

Sai kuma saitin yanki. Rediyon Amurka a AM goma-goma yake tsallakawa, 590 sai 600, mu kuwa tara-tara muke, Kaduna tana kan 594. A sabon sikirin a zaɓi yankin Turai, shi ya dace da mu.

Mai EOD:
Wani ya ce min in nemi na hannu ɗan Japan, wai sun fi ƙarko kuma da araha.

Mai Wayarin:
Ƙarko kam akwai. Amma waɗanda aka yi don cikin Japan FM ɗinsu daga 76 take farawa ta tsaya a 90, sababbin su kai 95. Freedom ta Kano tana 99.5, ka ga ba ka ba ita. Rubutun duk Japananci ne, wasu kuma in aka cire musu wuta sai sun nemi katin taswirarsu kafin su buɗe. Ka rufa wa kanka asiri.

Kuma tunda kai Accord EOD kake hawa, masu Accord ta 2003 zuwa 2007 ku sani cewa rediyonku da maɓallan AC a allo ɗaya suke. Ba a zare shi kamar na Camry. Ko dai a bar shi a sa sabon a aljihun ƙasa, ko a sayi wanda ya zo da nasa na'urar sarrafa AC, kuma sai an duba taka mai saiti ɗaya ce ko mai biyu. Kafin a cire kan baturi kuma ka tabbata kana da lambar buɗe rediyon.

Maman 'Yan Biyu:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba shi ne zafi. A watan Afrilu in na bar mota a rana, sikirin ɗin har danna kansa yake yi, sai AC ta yi minti goma yake dawowa hayyacinsa. Yanzu ƙaramin tawul nake yafa masa in zan fita.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya dabararki ta yi. Baban Amira, ka juya bayansa ka gani, ka zaɓi mai fanka ko mai faffaɗan ƙarfen shan zafi.

Baban Amira:
Jama'a na dawo da rahoto, kuma na gode ƙwarai. Ranar Asabar na koma. Na sa aka jona mai arahar na sauke manhajar da Malam mai gyaran waya ya ce. Kwali ya ce giga 4, manhaja ta ce giga 1. Yaron ya ce wai manhajar ce ba ta iya karatu ba, maigidansa dai ya yi murmushi ya ce a ɗauko min ɗayan. Shi ya nuna daidai, 4 da 64, da fanka a baya. Akwatin JBL babu a shagon, sai da aka aika aka nemo, na ƙara kuɗi.

Minti talatin ɗin nan awa huɗu ya zama. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofar motar, duk sanda yaron ya ɗauko fulaya sai in yi gyaran murya. Ba a yanke ko waya ɗaya ba. Da aka kunna shiru, gabana ya faɗi, ashe sai an shiga saiti an zaɓi irin akwatin da irin motar. Ana zaɓa sauti ya tashi. Kyamara kuma da farko baƙi ta nuna in an sa ribas, sai da aka canza saitin zuwa AHD, irin siginar da kyamarar ke turowa. Maɓallan sitiyari duk suna yi. Amira ta riga ta gano inda ake canza hoton fuska, yanzu kyanwa ce a dashbod ɗina.

Kawu, na gwada AM. Gaskiyarka ce, da ƙyar ake jin murya.

Kawu Ɗan Fansho:
Ai na faɗa. To tsohon fa, ina ka kai shi?

Baban Amira:
Yaron shagon ya ce in bar masa a rage min wani abu, na ƙi. Yana cikin kwalin sabon, a saman wardrob.

Ɗan Kwatano:
Ka kyauta wa kanka. Ranar da za ka sayar ka mayar da shi, ko ka kawo min motar da shi a but.

Baban Amira:
Saura abu ɗaya Injiniya. In inji na aiki ina jin wani siririn kuka a sifiku, wiii, in na taka mai ya ƙaru, in na saki ya ragu. In mota a kashe take babu shi.

Mai Wayarin:
Kukan altaneta ne. Yawanci baƙar waya ce ba ta kama jikin mota da kyau ba, ko an ɗaura ta a kan fenti, ko kuma wayoyin RCA da ke kai sauti ga akwatin sun kwanta a kan wayar wuta. Kada ka yarda a fara sayar maka da filta. A fara zare sikirin, a nemi ƙarfe tsirara a kankare shi a ɗaure baƙar da noti, a raba RCA da sauran. In bai daina ba, a zare wayar kyamara a saurara, don ita ma tana kawo shi. Ka ga inda suka ɗaura baƙar?

Baban Amira:
Ban lura ba, lokacin na je sallar La'asar. Gobe in na taso aiki zan biya su buɗe, zan ɗauko hoton bayan in turo maka.